Barewar Sarki, Barewar Jama'a: Tarihin Dokokin Farauta a Jihohin Amurka

A kowace shekara, da zarar ganyen itatuwa ya fara sauya launi a Amurka, hukumar kula da namun daji ta kowace jiha takan fitar da wani ɗan littafi mai ɗauke da dokokin farautar barewa na wannan shekarar. A cikinsa mafarauci zai ga ranar da za a buɗe daji da ranar da za a rufe shi, da kwanakin da aka ware wa masu kwari da baka, da na masu bindigar ɗuri irin wadda muke kira ta toka, da na masu bindigar zamani. A cikinsa zai ga barewa nawa aka yarje masa, namiji ko mace, da sa'ar da harbi ke halatta, da launin rigar da tilas ya sa, da wa'adin da aka ba shi ya sanar da hukuma abin da ya kashe. A jihar Wiskonsin babbar farautar bindiga kwana tara ce cif, tana farawa ranar Asabar ɗin da ke gabanin Bikin Godiya na watan Nuwamba, kuma mutum sama da rabin miliyan ne ke sayen lasisinta. Wanda ya tsallaka zuwa jihar da ke maƙwabtaka kuwa, wata doka daban zai tarar.

Mai karatu na iya ɗaukar irin wannan littafi tarin ƙa'idojin ofis marasa ɗanɗano. Ni a ganina tarihi ne aka dunƙule, domin kusan kowane layi nasa tabo ne na wata rigima da aka taɓa yi a kan tambaya guda: dabbar da ke yawo a dawa, wadda babu wanda ya kiwata ta, ta wane ne, kuma wa ke da ikon cewa a kashe ta ko a ƙyale ta? Abin da na fi so in nuna shi ne yadda dokar da ta ceci barewar Amurka daga ƙarewa ta rikiɗe ta zama aƙida a zukatan mafarauta, har sassauta ta ya fi kafa ta wuya.

Kafin in yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan suna. Dabbar da nake kira barewa a nan ba ita ce barewarmu ta sahel ba, aron sunan kawai muka yi saboda kamanni. Tamu ƙahonta ba ya rassa kuma ba ya faɗuwa. Ta Amurka namijinta ne ke da ƙaho, mai rassa kamar itace, yana zubar da shi kowane hunturu ya fitar da sabo. Wadda ta fi yawa ita ce mai farin ƙarƙashin wutsiya, sai kuma mai manyan kunnuwa da ke yammacin ƙasar. Namiji ɗaya na iya barbarar mata da dama, kuma mace mai samun abinci sosai tagwaye take haifa kusan kowace shekara. A riƙe wannan, don a kansa duk labarin ya rataya.

Turawan da suka fara zama a gaɓar gabashin Amurka sun fito ne daga ƙasar da barewa ta sarki ce. Bayan Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya keɓe manyan yankuna ya sa su ƙarƙashin dokar gandun sarauta, kuma marubutan tarihin zamanin sun ce makantarwa ce hukuncin wanda ya kashe barewarsa. Sai a 1217 aka yi wata yarjejeniyar daji da ta hana a kashe mutum ko a yanke masa gaɓa saboda naman barewa. Sassaucin bai ɗore har abada ba. A 1723 majalisar Birtaniya ta kafa dokar da aka fi sani da Baƙar Doka, wadda ta yanke hukuncin rataya ga duk wanda aka kama ɗauke da makami, ya shafa baƙi a fuska, a cikin gandun da ake ajiye bareyi, kuma ta yi kimanin shekara 100 tana aiki. Saboda haka talakan da ya haye teku ya tarar da daji maƙil da nama babu mai gadi, a wurinsa farauta ta zama alamar 'yanci. William Penn, wanda ya kafa Pensilbaniya, ya rubuta wa mazauna yankinsa a 1683 cewa suna da damar farauta a filayensu da duk filin da ba a killace ba.

Sai dai 'yancin bai daɗe ba aka fara ganin iyakarsa. Tun a 1646 garin Portsmouth na Rhode Island ya hana harbin barewa daga 1 ga Mayu zuwa 1 ga Nuwamba, ya sa tarar fam biyar, rabi na wanda ya kai ƙara, rabi na baitulmali. Masacuset ta kafa nata lokacin hani a 1694, ta rufe farautar barewa ɗungurungum na shekara uku a 1718, sannan a 1739 ta umarci garuruwa su naɗa mutanen da aikinsu shi ne kama masu karya dokar. A lokacin da aka fara yaƙin neman 'yancin kai, sha biyu daga cikin yankuna sha uku na mulkin mallaka suna da wani nau'in lokacin hani. Dokoki dai ga su birjik, amma bareyi ba su fasa raguwa ba, domin maƙwabci ba ya son kai ƙarar maƙwabci, kuma abin da ke cin dabbar ya fi ƙarfin tarar fam biyar.

Abin da ke cin ta kasuwa ce. Turai na buƙatar fata mai laushi don wanduna da safar hannu da bangon littattafai, kuma daga tashar Charleston kaɗai ana fitar da fata sama da 50,000 a shekara tsakanin 1699 zuwa 1715. 'Yan asalin ƙasar, irin su Cherokee da Creek, su ne mafarautan, fatake na ba su bindiga da albarushi da tufafi da giya bashi, su biya da fata. Bashin da ya yi wa ƙabilar Yamasee katutu bayan bareyin yankinsu sun ragu na cikin abin da ya haddasa yaƙin 1715, wanda ya kusa tashin Karolina ta Kudu. Fata ta zama kuɗi a bakin iyaka, har masana harshe da yawa na ganin daga nan ne Amurkawa suka samo laƙabin da suke yi wa dala a yau, wanda shi ne sunan namijin barewa a harshensu.

Bayan samun 'yancin kai, tambayar mallaka ta dawo sabuwa: sarki ya tafi, to hannun wa ikonsa ya koma? Amsar ta fito daga shari'ar da ko kaɗan ba ta shafi barewa ba. A 1842 Kotun Ƙoli ta saurari rigima a kan wani irin kifi mai ɓawo da ake haƙowa a gaɓar New Jersey, ta yanke cewa abin da sarki ke riƙe da shi a matsayin amana ya koma hannun jama'ar kowace jiha. A 1896 ta ƙara ƙarfafa wannan a shari'ar wani mutum mai suna Edward Geer, wanda aka kama a Kwanetikat da tsuntsayen daji yana shirin aika su wata jiha. Kotun ta ce jiha na riƙe da namun daji ne amana domin amfanin dukkan mutanenta, don haka tana da ikon tsara yadda za a kama su da inda za a kai su. Wannan ne dalilin da ya sa har gobe dokar barewa ta jiha ce, ba ta tarayya ba, kuma shi ne dalilin da ya sa manomin da barewa ke kwana a gonarsa ba shi da ikon harbinta sai yadda dokar jiha ta yarda. Gonar tasa ce, barewar ta kowa ce. A 1979 kotun ta janye batun cewa jiha ta mallaki dabbar mallaka ta haƙiƙa, amma ta bar mata ikon tsarawa.

Hukuncin 1896 ya zo ne a daidai lokacin da abin riƙon amanar ke dab da ƙarewa. Jirgin ƙasa da taragon sanyi da bindiga mai harbi a jere sun mayar da farauta sana'ar fatauci. Ana lodin nama daga dazuzzukan Mishigan da Minesota zuwa otal-otal na Shikago da Boston, sansanonin masu saran katako kuma na ɗaukar mafarauta haya su ciyar da leburori. Ana korar barewa da karnuka har ta faɗa tafki a bi ta da kwalekwale, ana haska ta da fitila da dare ta tsaya cak a harbe ta, ana bin ta a kan dusar ƙanƙara mai zurfi inda ba ta iya gudu. Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa mai farar wutsiya ta kai miliyan 25 zuwa 30. Zuwa 1900 abin da ya rage bai wuce 300,000 zuwa 500,000 ba. A Indiyana an kashe ta ƙarshe da aka sani a 1893.

Daga nan gyara ya zo da sauri. Mishigan ta naɗa mai gadin namun daji mai albashi a 1887, sannan a 1895 ta fito da lasisin barewa, ta ƙayyade wa kowa guda biyar, ɗan jiha ya biya rabin dala, baƙo ya biya dala 25. Jihohi suka shiga haramta sayar da naman daji ɗaya bayan ɗaya. Ramin da ya rage shi ne iyaka, don mai laifi a wannan jiha yakan zama ɗan kasuwa mai mutunci a waccan. Ɗan majalisa John Lacey na Iyowa ya toshe shi da dokar 1900, wadda ta mai da ƙetare iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba laifin tarayya. Da wannan ne fataucin ya mutu.

Ba zan yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Waɗanda suka tura dokokin galibi masu hannu da shuni ne na birni, irin su Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell, waɗanda suka kafa ƙungiyar Boone da Crockett a 1887. Sun ceci dabbar, wannan gaskiya ne, amma sun kuma rubuta ɗabi'arsu ta farautar nishaɗi ta zama doka, suka mai da mai farauta don tukunyar gidansa ɓarawo. A Pensilbaniya abin ya kai ga jini tsakanin masu gadin daji da baƙin leburori 'yan Italiya, kuma bayan kisan wani jami'i mai suna Seely Houk a 1906, jihar ta kafa dokar 1909 da ta hana duk baƙon da bai zama ɗan ƙasa ba farauta, har ma da mallakar bindigar farauta. Kotun Ƙoli ta amince da dokar a 1914. 'Yan asalin ƙasa kuwa, waɗanda yarjejeniyoyi suka tabbatar musu da haƙƙin farauta, jihohi sun yi ta kama su kamar kowane mai laifi. Ƙabilar Ojibwe ta Wiskonsin sai a 1983 kotun tarayya ta dawo mata da abin da aka rubuta mata tun 1837 da 1842. Ashe barewar jama'a ma sai an tambaya wace jama'a ake nufi.

A Pensilbaniyar ne aka fi ganin abin da ya biyo baya, don haka zan ɗan daɗe a kanta. An kafa hukumarta ta namun daji a 1895, lokacin da ganin sawun barewa ma labari ne. Hukumar ta hana farauta da karnuka, ta keɓe wuraren da ba a harbi, ta fara sayo bareyi daga Mishigan a 1906 tana saki, kuma cikin shekara ashirin ta saki kusan 1,200. Amma abin da ya yi aiki fiye da komai shi ne dokar 1907, wadda ta ce ba a harbin barewa sai mai ƙahon da ido ke gani. Hikimar a fili take. Tunda namiji ɗaya ya ishi mata da yawa, kana iya kwashe mafi yawan mazan kowace shekara ba tare da haihuwa ta ragu ba. Ga kuma wata riba: mutumin da dole ya tsaya ya nemi ƙaho kafin ya ja kunama ba zai harbi ɗan uwansa da ke motsi a bayan kurmi ba. A shekarar farko maza kusan 200 kacal aka kashe a faɗin jihar.

Yanayi ma ya taimaka. Masu katako sun riga sun share tsofaffin dazuzzuka, sabon toho ya fito ko'ina daidai tsayin bakin barewa, kyarkeci da damisar dutse kuma an riga an ƙarar da su. Cikin shekara goma sha biyar manoma suka fara kuka da ɓarnar gona, masu kula da daji suka fara nuna wani layi a jikin itatuwa, wanda ƙasa da shi babu ganye ko ɗaya, iyakar inda barewa ke kaiwa idan ta miƙe a kan ƙafafun baya. Da hunturu sai a riƙa tsintar gawarwakin ƙananan, don su ne bakinsu bai kai ba. Maganin a bayyane yake, wato a rage matan. Hukumar ta gwada a wasu 'yan wurare a 1923, sannan a 1928 ta rufe farautar maza ta buɗe ta marasa ƙaho a mafi yawan sassan jihar. Sai ƙasa ta ɗauki zafi. Aka kai hukumar kotu, aka kafa allunan hana harbin mace a bakin gonaki, wasu suka riƙa sayen lasisin su lalata shi don kada ya kai hannun wanda zai yi amfani da shi. Shekara ashirin hukumar ta yi tana koya wa mutane cewa mai harbin mace ba namijin duniya ba ne, kuma sun koya da kyau.

A daidai wannan lokaci wani abu makamancin haka na faruwa can yamma, a tudun Kaibab na jihar Arizona. Roosevelt ya keɓe wurin a 1906, aka hana farautar barewa, aka ɗauki ma'aikata su kashe masu cin ta. An kashe damisar dutse ɗaruruwa da wani irin dila dubbai. Bareyi masu manyan kunnuwa, da aka ƙiyasta kusan 4,000 ne da farko, suka ninka har suka cinye tudun. Wasu sun ce sun kai 100,000 a 1924, ko da yake masana na baya sun yi jayayya da wannan adadi, suna ganin ya yi yawa ƙwarai. Abin da babu jayayya a kansa shi ne dubbai sun mutu da yunwa. A watan Disamba na 1924 har an gwada wani abin ban dariya, aka jera mutane da ƙararrawa da gwangwani su kora garken ya ƙetare kwazazzabon Grand Canyon zuwa ɗaya gefen, amma ko ɗaya ba ta ƙetare ba. Da ma'aikatan tarayya suka fara harbi don rage yawan, gwamnan Arizona George Hunt ya sa aka kama mutane da sunan dokar jiha. Kotun Ƙoli ta yanke a 1928 cewa tarayya na da ikon kare filinta daga ɓarna ko da dokar farautar jiha ta ce a'a.

Mutumin da ya fi kowa fahimtar darasin shi ne Aldo Leopold, wanda shi kansa ya fara aiki yana goyon bayan kashe kyarkeci. A 1933 ya wallafa littafin da ya zama tushen ilimin sarrafa namun daji, ya kuma zama farfesa a Jami'ar Wiskonsin. Hujjarsa mai sauƙi ce: kowane daji na da iyakar bakin da zai iya ciyarwa, kuma idan garke ya wuce iyakar, dajin ne ke fara mutuwa, garken ya biyo baya, sannan dajin ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. A watan Maris na 1943 ya zagaya da wani kwamitin jama'a matsugunan hunturu na arewacin jihar, suka ga ƙananan bareyi a zube da idanunsu. A kakar wannan shekara aka buɗe farautar maza da ta marasa ƙaho, aka kashe kimanin 128,000. Mutanen arewa, waɗanda masaukan baƙinsu ke rayuwa da masu zuwa kallon barewa, suka sa wa abin suna laifin 1943, suka kafa ƙungiyar ceton barewar jiha, suka yi ta zagin Leopold a jaridarsu. Fim ɗin Bambi na kamfanin Disney, wanda a cikinsa mafarauci ke kashe uwar ɗan barewa, bai daɗe da fitowa ba. Leopold ya rasu a 1948 ba tare da ya shawo kansu ba.

Akwai wata doka ta wannan zamani da ba ta yi amo kamar rigimar mace ba, alhali ita ce ginshiƙin da sauran ke tsaye a kai. A 1937 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da Sanata Key Pittman da ɗan majalisa Willis Robertson suka gabatar, wadda ta ware harajin bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin 100 a yau, domin aikin namun daji na jihohi. Tarayya na biyan kashi uku cikin huɗu na kowane aiki, jiha ta cika sauran. Dabarar Robertson tana cikin sharaɗi guda da ya saka: jihar da ke son kuɗin sai ta kafa dokar hana karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aiki daban. Da wannan aka biya masu gadi, aka ɗauki masana, aka sayi filaye, aka mayar da barewa jihohin da ta ɓace. Mai karatu a ƙasarmu, inda Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 ta tanadi lasisi da dabbobin da aka kare, amma tamu barewar ta ci gaba da ƙaranci, zai gane bambancin dokar da ke da aljihu da wadda ba ta da shi. Sai dai tsarin na da nasa aibin, domin hukumar da ke cin abinci daga lasisin mafarauta ba ta cika son ɓata musu rai ba, kuma abin da mafarauci ke so shi ne ya ga barewa da yawa.

Sauran layukan littafin sun shigo ɗaya bayan ɗaya. Niyok ce ta fara tilasta wa sabon mafarauci karatun kiyaye haɗari a 1949. Rigar nan mai ruwan goro mai ƙyalli ta fara zama dole a farkon shekarun 1960, don idon mutum na hango ta daga nesa, idon barewa kuwa bai damu da launin ba. Hana farautar ranar Lahadi gado ne na tsoffin dokokin coci, kuma Pensilbaniya ba ta fara sassauta nata ba sai a 2020.

Yau mai farar wutsiya ta koma kusan miliyan 30, kamar yadda take kafin zuwan Turawa, amma a ƙasar da ke cike da tituna da gonaki da unguwanni. Motoci na karo da barewa sama da sau miliyan ɗaya a shekara. Kaskar da ke yaɗa cutar Lyme, wadda aka fara ganewa a wani gari mai wannan suna a Kwanetikat a 1975, a jikin barewa take ci ta hayayyafa. A dazuzzuka da yawa na gabas ƙananan itatuwa ba sa samun girma, ana cinye su tun suna toho. Duk da haka tsohuwar aƙidar na nan da ranta. Da Pensilbaniya ta ɗora masanin dabbobi Gary Alt a kan aikin barewa a 1999, ya ƙara lasisin mata, ya haɗa farautarsu da ta maza a makonni guda, sannan a 2002 ya kawo dokar da ta hana harbin namiji sai rassan ƙahonsa sun kai wani adadi, don samarin su samu girma. Ya zagaya jihar yana bayani a ɗaruruwan tarurruka, wani lokaci sanye da rigar sulke a ƙarƙashin tufafinsa saboda barazana, kuma a ƙarshen 2004 ya ajiye aikin. Wiskonsin ta gwada wata dabara daga 1996, wadda ta ce sai ka kashe marar ƙaho kafin a ba ka damar namiji. Dabarar ta rage garken kamar yadda ake so, mafarauta suka tsane ta, majalisar jihar ta haramta ta a 2011.

Abin takaici shi ne an soke ta ne a lokacin da aka fi buƙatarta. A 2002 aka gano a Wiskonsin wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, tana ramar da ita har ta mutu, wadda aka fara lura da ita a Kolorado a 1967. Ba ta da magani, tana yaɗuwa ta miyau da fitsari, kuma abin da ke haddasa ta na iya daɗewa a cikin ƙasa shekaru. Ita ce ta haifi sabbin layukan littafin: hana zuba hatsi don jawo barewa wuri guda, hana ƙetare iyaka da kai ko ƙashin baya, da miƙa kan dabbar a yi gwaji.

A taƙaice hukumomi yanzu roƙon mafarauta suke su ƙara harbi, mafarautan kuma raguwa suke suna tsufa, kuma mutum ɗaya ba ya iya cin fiye da abin da firjinsa zai ɗauka. Wasu masana sun fara tambaya a hankali ko lokaci bai yi ba da za a bar a sayar da naman barewar daji ƙarƙashin tsari mai tsauri, amma hukumomi da ƙungiyoyin mafarauta ba sa ko son jin zancen, don sun san abin da kasuwa ta yi a ƙarni na 19. Na fahimci tsoronsu, kuma ban ga ya rasa tushe ba. Abin da doka ta yarda da shi shi ne kyauta: tun 1991 Pensilbaniya ke da shirin da mafarauci zai kai barewarsa wurin mahauci a yanka a raba wa mabuƙata. Mai otal a Filadelfiya da ke son sa naman barewa a jerin abincinsa kuwa, sai dai ya sayi na gidan kiwo, wanda kaso mai yawa nasa daga New Zealand ake shigo da shi, ko da kuwa bareyi na cin furannin da ke bakin ƙofarsa.